Ku Tambaya Mu Amsa: Jif ɗin Kaka ta je Boma kuwa?

Assalamu alaikum jama'a. Tun da muka sa hoton tsohuwar lorin nan da kaji suka mayar akurki a fitowar da ta wuce saƙonni basu daina shigowa ba, kuma kusan duk a kan tsofaffin motocin soja ne, wani yana tambayar tarihi wani kuma yana da wata gawar mota a bayan gida yana so a tashe ta. Na zaɓi guda biyar. Ta farkon zata ci wuri da yawa, ku yi haƙuri, don mai ita yana gab da yin asara.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, Allah ya ƙara basira. A gidanmu akwai wata tsohuwar jif a bayan turken awaki, tun ina yaro nake ganinta a wurin bata taɓa motsawa ba. Kakanmu, Allah ya jiƙansa, tsohon sojan Boma ne kuma duk gidan an yarda da ita ya dawo daga yaƙi. Hancinta akwai tsaga bakwai, gilashin gaba rabe yake biyu, tana da ƙofar baya irin ta a-kori-kura, safaya taya kuma a gefe ake ɗaura ta. 'Yan gwangwan sun zo tayi har sau uku, baffana yace a sayar a huta, ni kuma ina so in tada ta. Da gaske ta yaƙi ce? Kuma ta ina zan fara? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Amin ɗana, Allah ya jiƙan Kaka ya kyauta namu zuwan. Bari in fara da mai ɗacin: motar nan bata je Boma ba. Kai da kanka ka faɗa min ba tare da ka sani ba. Jif ɗin Yaƙin Duniya na Biyu tsaga tara ce a hancinta, fitilunta ƙanana ne a lafe ta cikin hancin, bata da ƙofar baya sam, safaya a baya take tare da jarkar mai, tankin mai yana ƙarƙashin kujerar direba har sai ka ɗaga kushin kafin ka zuba, sannan a gefen direba akwai wani lotsi da aka yi wa bodin musamman don saƙala gatari da shebur. Wadda ka siffanta, tsaga bakwai, ƙofar baya, taya a gefe, gilashi rabe biyu, wannan CJ-2A ce, ƙanwar ta yaƙin, wadda kamfanin Willys ya fara sayar wa manoma da 'yan kasuwa a 1945 ya daina a 1949, an yi sama da 214,000. Kuma dama soja baya dawowa gida da motar gwamnati, da akwatinsa da lambobinsa da ɗan kuɗin sallama yake dawowa.

Amma kada ka ce mutanen gidanku ƙarya suke yi, labari ne ya haɗe da labari. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma da ta shiga kwarin Kaladan a Boma galibin kayanta a ka ake ɗauka ko jirgi ya jefo daga sama, amma su ne da hannunsu suka sare daji da tsauni suka fitar da hanyar jif mai tsawon mil 75 wajen ƙarshen 1943 zuwa farkon 1944. Toh kaga mutumin da ya yi wannan aiki, ko ya ga ana yi, in ya dawo gida Allah ya buɗa masa ya ga irin motar ana sayarwa ai ba abin mamaki bane ya saya. Da yawa cikin 'yan Boma ma a soja suka koyi tuƙi da kanikanci, su ne suka zama direbobin En'e da na kamfanonin gyaɗa daga baya.

Ita uwar gidan, wato ta yaƙin, labarinta akwai daɗi. A 1940 sojan Amurka suka aika wa kamfanoni 135 cewa suna son ƙaramar mota mai jan ƙafa huɗu kuma a kawo samfuri cikin kwana 49, kusan kowa ya noƙe, wani ɗan ƙaramin kamfani da ke neman durƙushewa mai suna Bantam shi kaɗai ya kawo a kan lokaci, a watan Satumba na shekarar. Sai gwamnati ta duba ta ga ba zai iya ƙera adadin da ake buƙata ba, ta ɗauki zanensa ta nuna wa Willys da Ford. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi kenan, Bantam ya ƙare da ƙera 'yan tirelolin da jif ke ja. Willys ya yi nasara saboda injinsa, silinda huɗu, ƙarfin doki 60, ya ƙera sama da 360,000, Ford ya ƙera kusan 280,000 a kan zane ɗaya ta yadda kayan wannan zai shiga waccan. Ford har kan noti yake buga harafin F don kada a kawo masa ƙarar kayan da ba nasa ba, kuma yau masu tara irin motocin nan a Turai suna neman noti mai wannan F ɗin. Injin Willys ɗin nan dai shi ne a cikin taku in ba a canza ba.

Yanzu maganar baffa. Ka same shi cikin ladabi ka ce a baka wata shida. Ɗan gwangwan kilo yake saye, ba ruwansa da shekara, zai kawo gas ya yanka ta gida huɗu kafin la'asar. Ni na taɓa tsayawa ina kallo aka yi wa wata tsohuwar Bedford haka a wani gareji, wallahi har farantin lambarta na tagulla yana jiki, na ce a cire min shi yaron yace ai an riga an auna da shi. Har yau abin yana min ciwo.

In ya yarda, kada ka kira bakanike tukuna. Waya zaka ɗauka ka yi ta hoto, gaba da baya da ƙarƙashi, duk wata waya da inda ta bi, duk wani rubutu. Ka buɗe bonet ka duba jikin bangon da ya raba injin da wurin zama, akwai ɗan farantin ƙarfe mai lamba, akwai wata lambar kuma a jikin injin, ka goge su da tsumma da kananzir kawai, banda sanfefa, don lambar nan ita ce takardar haihuwar motar, da ita ake gane shekarar da aka yi ta. Abu na biyu, kuma dan Allah ka riƙe wannan, kada wani ya kawo batir yace bari mu gwada mu ji ko zata tashi. Na farko motar bolt 6 ce ba 12 ba, batirin yanzu zai ƙona mata kaya, na biyu injin da ya shekara talatin ko arba'in a tsaye ringinsa ya manne da silinda, ka tilasta masa sai ka karya ringi ko ka kankare silindar. Abin da ake yi shi ne a cire fulogi huɗun, a tsiyaya baƙin mai gauraye da ɗan gas a kowane rami, a rufe a manta da shi sati biyu ko uku, ana ƙarawa, sannan a sa sifana a gaban injin a rinƙa girgiza shi a hankali, gaba kaɗan baya kaɗan. Ran da ya juya da hannu zaka ji daɗin da baka taɓa ji ba. Bayan nan sai a juye tsohon baƙin mai, a sauke tanki a wanke don tsohon fetur yana komawa kamar ƙaro, a wanke kafireta, a duba lagireto. Birki kuwa ba'a lallaɓa shi, robobi da bututu duk sabbi za'a sa.

Sa'arka ɗaya ita ce a arewa take, busasshiyar iskarmu bata cin ƙarfe kamar ta bakin teku. Inda zaka tarar da ɓarna shi ne daɓen ƙasa, saboda Willys ya cusa katako a cikin ƙarafan da suka tallafi daɓen, katakon yana shan ruwa ya riƙe, tsatsa ta ci daga ciki, ga kuma fitsarin awakin da kace. Wannan aikin fanel bita ne da mai walda mai haƙuri, irin tsofaffin hannun da ake samu a Panteka ta Kaduna ko wajen Ƙofar Ruwa a Kano, ka ce masa ya yanke inda ya ruɓe kaɗai ya yi faci, kada ya ce zai buga maka sabon bodi. Notukanta na inci ne ba milimita ba, a nemi sifanun da suka dace kada a cinye musu kai, kuma duk wanda aka kwance a jefa shi a gwangwanin madara a rubuta inda ya fito. Kayan gyara kuwa kada su tsorata ka, har gobe ana ƙera su. Mahindra ta Indiya da jif ɗin Willys ta fara harkar mota, Mitsubishi a Japan ta yi ta ƙera irinta daga 1953 har 1998, a Filifin kuma, inda suka mayar da ragowar jif ɗin Amurkawa motocin haya, akwai kamfanin MD Juan da ke buga bodinta sabo fil. Abin da zai cinye ka kuɗin dako ne da kwastan.

Nasan za'a baka shawarar a cire injin a dasa na Toyota. In dai so kake ta kai ka kasuwar ƙauye duk sati, toh ba laifi, amma ka ajiye nata a ɗaki a rufe da buhu, kada ya bi 'yan gwangwan.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe muna musu a majalisa, ni nace a yaƙin Hitila aka fara sa mota a yaƙi, abokina yace tun kafin nan. Raba mana gardama. Daga wani tela a Gusau.

AMSA: Maigida abokinka ya ci, sai ka sayi shayin yau. In ma asali ake bi, tun 1770 wani injiniyan sojan Faransa mai suna Cugnot ya ƙera wata amalanke mai ƙafa uku da tukunyar tururi a gaba don jan igwa, tafiyarta bata wuce ta mai ƙafa ba kuma duk bayan kamar minti goma sha biyar sai ta tsaya ta tara tururi, tana nan har yanzu a gidan tarihi a Paris. Amma yaƙin da mota ta shiga da gaske shi ne na 1914 zuwa 1918.

Kafin ya ɓarke gwamnatin Ingila ta yi wata dabara, maimakon ta sayi lorori ta jibge sai take ba 'yan kasuwa tallafi su sayi irin wadda soja ke so, da sharaɗin ran da aka buga gangar yaƙi za'a zo a karɓa. Har tsarin feda da giya aka daidaita don direba ya sauka daga Leyland ya hau Thornycroft ko Dennis ba tare da ya rikice ba. Zuwa ƙarshen yaƙin suna da lori wajen 56,000. Kuma kada ka ɗauka irin lorin da ka sani ce. Tayar roba ce zalla ba iska a ciki, wasu da sarƙa ake juya ƙafar baya kamar keke, ba gilashin gaba, da hannu ake murza ƙarfe a gaba a tada injin wanda in ya yi tutsu sai ya karya maka tsintsiyar hannu, fitila kuma ta kabaid ce, irin kabaid ɗin da masu walda ke jiƙawa.

Labarin da Faransawa suka fi so shi ne na tasi. A daren 6 ga Satumba 1914, Jamusawa sun doso Paris, Janar Gallieni ya sa aka tattara tasi wajen 600, galibi Renault, suka yi jigilar 'yan dubban sojoji zuwa fagen daga na Marne. Abin dariyar shi ne direbobin basu kashe mita ba, kuma gwamnati ta biya, kimanin faran 70,000. A gaskiya sojojin da suka kai basu taka kara sun karya ba in aka kwatanta da yawan waɗanda ke wurin, labarin ne ya fi aikin girma. Inda mota ta ceci Faransa da gaske yaƙin Verdun ne a 1916, lokacin da manyan layukan dogo suka katse sai hanyar mota ɗaya tal mai kilomita kamar 75 daga Bar-le-Duc, lori sama da 3,000, da yawansu Berliet, suna bin juna dare da rana, a sati ana wuce da mutum wajen 90,000 da kaya tan 50,000. Wadda ta lalace ba'a tsayawa gyaranta a kan hanya, tura ta ake cikin kwari. A gefen hanyar kuma dubban leburori ne, ciki har da mutanen ƙasashen da Faransa ta mallaka, suna watsa tsakuwa ƙarƙashin tayoyin da shebur, lororin da kansu ke daddanne ta.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Kakata tana bada labari cewa iyayenta sun ga wasu motocin Nasara masu tafiya a kan bel kamar katafila sun shigo Damagaram tun kafin a yi hanyar mota. Tatsuniya ce ko da gaske? Daga wata malamar makaranta a Damagaram.

AMSA: Lafiya lau Malama, ki gaida Kaka ki ce mata ta fi littafi. Motocin Citroën ne, gaba taya biyu kamar kowace mota, baya kuma bel na roba a kan ƙananan gargare. Wani Bafaranshe Adolphe Kégresse ya ƙirƙiro tsarin lokacin yana kula da garejin Sarkin Rasha, don motar sarki ta iya tafiya a kan dusar ƙanƙara, da aka yi juyin juya hali ya gudo gida ya haɗu da André Citroën, abin da aka yi don ƙanƙara sai gashi ya dace da rairayi. Guda biyar suka tashi daga Touggourt a Aljeriya ranar 17 ga Disamba 1922 suka shiga Tumbuktu 7 ga Janairu 1923, karo na farko da mota ta ratsa Sahara. Waɗanda iyayen Kaka suka gani ayari na biyu ne, guda takwas, sun baro Colomb-Béchar a ƙarshen Oktoba 1924 suka biyo ta Yamai da Tasawa da Damagaram suka nufi Tafkin Chadi da Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, tafiyar bata ƙare ba sai Madagaska a 1925.

A takarda ba motocin soja bane, tallar kamfani ce, amma ɗaya daga cikin jagororin, Audouin-Dubreuil, hafsan soja ne da ya san hamada, kuma mai mulkin mallaka baya ratsa ƙasa don yawon shan iska, ana son a ga ko za'a iya haɗa Aljeriya da yankunan kudu ba tare da raƙumi ba. Sojan Faransa ya sayi irinsu da yawa, Amurka ma ta sayi kaɗan ta yi nazari, daga nan aka samo motocinta masu rabin bel na yaƙi na biyu. Ɗaya daga cikin biyar ɗin farko tana nan a wani gidan tarihi a garin Saint-Jean-d'Angély, kuma a 2019 ɗaliban makarantun fasaha a Faransa sun ƙera kwafin motar jagoran ayarin farkon daga tushe.

Tunda mun shigo hamada bari in ƙara miki da makwabta. A farkon 1941 Kanar Leclerc na sojan Faransa ya tashi daga Faya a arewacin Chadi da mutum wajen 400, mafi yawansu 'yan Afirka, a cikin tsofaffin lorori da igwa ɗaya tal, ya je ya karɓe Kufra a Libiya daga hannun Italiya ranar 1 ga Maris. A daidai wannan watan kuma birged ta 23 ta Najeriya, wadda ta shiga Mogadishu a Somaliya 25 ga Fabrairu, ta hau lorori ta yi mil 744 cikin kwana 17 zuwa Jijiga a Habasha, da taimakon man da Italiyawa suka gudu suka bari. Dabarun tuƙin hamada na lokacin har yau direbobin Agadas zuwa Dirku zasu gane su, a rage iskar taya, a shimfiɗa faranti ƙarƙashin ƙafar da ta kafe. Wadda ta fi burge ni ita ce ta ruwa: sai a ja ɗan bututu daga bakin lagireto zuwa cikin wani gwangwani mai rabin ruwa da aka ɗaure a gefen mota, in injin ya tafasa tururin ya shiga gwangwanin ya koma ruwa, in ya huce sai ya zuƙe abinsa ya mayar. Tun a kan Ford Model T sojan Ingila ke yin haka a hamadar Masar lokacin yaƙi na farko.

TAMBAYA: Oga ni bakanike ne shekara ashirin da biyu. Na ga bidiyo a YouTube Turawa sun tono wata tankar yaƙi duk ta ruɓe sun kai gidan tarihi sun ajiye ta haka ba gyara ba fenti. Wannan ba lalaci bane? Mu nan in aka bamu ai sai ta tashi. Daga Kaduna.

AMSA: Oga nasan zaku iya, wanda ya ga yadda ake raya Fijo 504 a garin nan ba zai yi musu ba. Amma ba lalaci bane, su ma can rigima ce da ba'a gama ba tsakanin masu cewa a tada mota ta yi ƙara ta yi hayaƙi da masu cewa a barta da tabonta.

Siffar da ka bayar ta yi daidai da Deborah, tankar Ingila samfurin Mark IV da aka harbe ranar 20 ga Nuwamba 1917 a yaƙin Cambrai, aka binne ta a rami, wani mutumin yankin Philippe Gorczynski ya shekara da shekaru yana nema har ya tono ta a 1998 a ƙauyen Flesquières. Gabanta a farke yake inda harsashin igwa ya shiga kuma mutane sun mutu a cikinta. Toh in ka kawo sabon faranti ka like wurin ka shafa fenti me ya rage? Ka samu tanka mai kyau, ka rasa abin da ya faru ranar. Haka wata Chevrolet ta 'yan sintirin hamada na Ingila da aka tsinta a hamadar Masar a 1980, tana gidan tarihin yaƙi na Landan yadda aka ɗauko ta, ba fenti, rairayi ya goge ta tas.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai bas ɗin Landan samfurin B, mai bene, wadda aka fara a 1910. Wajen 900 aka kwashe daga titi aka kai Faransa da Beljiyam suna jigilar soja, aka cire gilasai aka buga katako, wasu ma aka mayar da su ɗakin tantabarun kai saƙo. Gidan tarihin sufuri na Landan ya tattaro kayan guda ɗaya, mai lamba B2737, ya tashe ta a 2014, da farko da jan fentinta na haya, bayan 'yan watanni ya mayar da ita kakin soja ya kai ta ta zaga wuraren da 'yan'uwanta suka yi aiki shekara ɗari baya. Wannan daidai ne, don dama a warwatse take, ba wani tabon tarihi da aka goge. Ko tankar Tiger 131 ta Jamus da aka kama a Tunisiya a Afrilun 1943, tana Bovington a Ingila, ita kaɗai ce irinta da ke tafiya a duniya, an fara aikinta a 1990 bata motsa da kanta ba sai 2003, kuma injin da ke cikinta ba nata bane don nata an riga an tsaga shi tuntuni don koyarwa.

Ni ra'ayina, in mota ɗaya ce tal a duniya ko kuma raunin jikinta shi ne labarinta, a tsayar da tsatsa kawai a sa ta a inuwa. In irinta na da yawa kamar jif ko Land Rover ko Bedford, a tada ta yara su ji ƙararta. Abin da bana so shi ne gyaran da ya wuce gona da iri, fenti mai ƙyalli kamar motar amarya, kushin mai laushi, alhali motar da aka yi ta a gaggauce don yaƙi da burushi ma ake shafa mata fenti a bariki.

Kuma tunda sana'arka ce, in irin waɗannan suka shigo hannunka ka kula da abu uku. Takalmin birki da farantin kuloci na da akwai asbesto a ciki, kada yaro ya hure ƙurar da baki ko da iskar kwamfireso, a jiƙa a goge. Agogunan mita na motocin soja masu haske da dare da sinadarin radiyom aka shafa su, kada a fasa gilashin a kankare. Sannan rim ɗin jif ta yaƙi gida biyu ne da aka ɗaure da noti, duk wanda ya kwance notin nan da iska a cikin taya zai iya rasa fuskarsa, ka gaya wa mai facinka.

TAMBAYA: Salam Malam. Ina da tsohuwar Land Rover ta babana na gyara ta tana tafiya, ina so in yi mata fenti koren soja da tauraro a ƙofa kamar yadda nake gani a intanet. Akwai matsala? Daga wani matashi a Jos.

AMSA: Akwai kuwa ɗan'uwa, babba ma. A Najeriya tun 1977 akwai dokar da ta hana farar hula hawa mota mai launin koren soja, kuma da yanayin tsaron da ake ciki ba sai an kai ga kotu ba, shingen farko zaka kwana kana bayani. Waɗanda kake gani a intanet a ƙasashensu an yarda ne. Farin tauraron nan ma alamar sojan Amurka da ƙawayenta ce a yaƙi na biyu, ita kuwa Land Rover sai 1948 aka fito da ita a baje kolin motoci na Amsterdam, yaƙi ya ƙare da shekara uku, samfurinta na gwaji ma a kan shasin jif aka ɗora shi, kaga tauraron ba nata bane. Ka ɗaga kushin ko ka leƙa bayan dashbod inda rana bata taɓa ba zaka ga launinta na asali, ka kankaro ɗan ɓallin ka kai wa mai haɗa fenti. In ya fito kore mai duhu irin wanda zai sa a tsare ka, ka koma ruwan ƙasa ko shuɗi, duka biyun kamfanin ya yi su. Kuma ka gaya wa mai fentin bodin alminiyom ne, ya nemi faramar da ke kama alminiyom, in ba haka ba damina ɗaya zai fara ɓarewa.